Amsoshin Tambayoyinku: Zan Iya Ƙara wa Furosesa Gudu a Zafin Sakkwato?

TAMBAYA: Ina da ɗan shago a Sakkwato inda nake tace bidiyon biki da na walima. Kwanakin baya na sayi kwamfutar tebur ta hannu, irin wadda ake harhaɗawa, furosesarta Intel Core i5-9600K ce. Wani abokina ya ce harafin K da ke ƙarshe yana nufin a buɗe take, zan iya shiga BIOS in ɗaga gudunta har 5 GHz, aikin da ke cin awa ɗaya ya koma rabin awa. Na ga Turawa suna yi a YouTube kuma ba abin da ya samu kwamfutocinsu. Amma ina tsoro, domin shagona ba AC, fankar sama ce kawai, kuma ko a yanzu in ina fitar da bidiyo sai ka ji fankar cikinta tana ta ihu. Don Allah Malam mece ce gaskiyar wannan abu? Zai ƙona min furosesa? In kuma ana yi, ta ina ake farawa? Na gode. Daga wani mai karatu, Sakkwato.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Abokinka ya faɗi gaskiya a kan harafin K, amma maganar rabin awa ba za ta yiwu ba, kuma zan nuna maka dalili da lissafi. Abin da yake nufi shi ne obakulokin, wato tura furosesa ta yi gudu fiye da inda kamfani ya ajiye ta. Ana yi, ba kuma wani sirri a ciki. Sai dai duk gudun da ka ƙara da zafi za ka biya shi, kuma a garin da kake, iskar ɗakinka ta riga ta cinye kaso mai yawa na abin biyan tun kafin ka kunna kwamfutar.

Mu fara da inda gudun yake fitowa. A jikin madabod akwai wani bugu na tushe da sassan kwamfuta ke bi, sau miliyan 100 a kowane sakan, wato 100 MHz. Furosesa tana ɗaukar wannan bugun ta ninka shi da wata lamba. Taka lambar ninkinta ta asali 37 ce, shi ya sa aka rubuta mata 3.7 GHz. Amma ba a nan take zama ba idan aiki ya zo. Da kanta take ɗaga lambar: in ƙwaya ɗaya ce cikin ƙwayoyinta shida ke aiki takan kai 46, in kuwa duka shidan ne a ɗaure, kamar lokacin da kake fitar da bidiyo, takan tsaya a 43. Ka riƙe wannan da kyau, domin a nan mutane da yawa ke ruɗar kansu. Tafiyarka ba daga 3.7 za ta fara ba, daga 4.3 ce. A yawancin furosesoshin Intel wannan lambar a kulle take, ba ka da ikon wuce iyakar da aka sa mata. Masu harafin K ne aka bar wa ƙofa a buɗe.

Kullewar tana da tarihi. A shekarun 1990 wasu 'yan damfara sukan sayi furosesa mai arha, su goge rubutun jikinta, su buga lambar wadda ta fi ta tsada su sayar, tunda da yawansu suna iya jure gudun. Wannan na daga cikin abin da ya sa Intel ta kulle lambar ninki zuwa ƙarshen shekarun. Masu son gudu sai suka koma taɓa bugun tushe. A 1998 aka yi wata Celeron 300A, lambar ninkinta 4.5, bugun tushenta 66 MHz. Mutane suka gano cewa da ka mayar da bugun 100 sai ta tashi daga 300 MHz zuwa 450, ta kamo furosesoshin da suka ninka ta tsada. A wajen shekarar 2000 kuma masu Athlon da Duron na kamfanin AMD da fensir suke buɗe nasu, su ja layi a kan wasu 'yan gadoji da aka yanke a saman furosesar. Irin waɗannan labaran ne suka bar wa mutane tunanin cewa akwai rabin gudu a ɓoye cikin kowace furosesa. A zamaninsu da gaskiyarsu. Ko a 2011, Core i5-2500K mai 3.3 GHz mutane da yawa sun kai ta 4.5 da fanka kawai. Amma a wannan zubin na 2011 Intel ta ɗaure bugun tushe da sauran sassan madabod, ta yadda in ka motsa shi ko kaɗan sai wasu abubuwa su rikice, saura lambar ninki, ita kuma sai ka biya kuɗin K. AMD ta bi wata hanya, tun da ta fito da Ryzen a 2017 yawancinsu a buɗe suke. Kamfanonin biyu kuma sun ƙware wajen tatse gudun da kansu kafin kaya ya iso hannunka, don haka abin da ya rage wa mai saye ya ragu ƙwarai.

Kafin komai, duba madabod ɗinka. K ita kaɗai ba ta isa ba. Sauke wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna CPU-Z, za ta nuna maka sunan bod ɗin. Idan ka ga Z370 ko Z390, ƙofa a buɗe take. Idan H310 ne, ko B360, ko B365, ko H370, to magana ta ƙare, BIOS ba zai ba ka damar ɗaga lambar ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a kwamfutar da aka harhaɗa ta hannu, domin mai haɗawa yakan ɗora abin da ya samu ne. Masu karatu da ke da kwamfutocin ofis na HP ko Dell, waɗanda suka cika kasuwanninmu, su ma kada su wahalar da kansu, nasu BIOS ɗin a rufe yake.

To a ce bod ɗinka Z ne. Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa.

Cikin furosesa akwai biliyoyin 'yan makunnai da ke kunnuwa suna mutuwa a kowane bugu. In ka ce su yi sauri, za a kai inda ƙarfin wutar da ake ba su ba zai ishe su kammala juyawa kafin bugu na gaba ya iso ba, sai lissafi ya fara fita ba daidai ba. Maganin shi ne a ƙara musu boltej. Matsalar ita ce zafi ba ya bin boltej ƙafa da ƙafa, ninki yake yi: in ka ƙara boltej, zafin yana ƙaruwa ne da gwargwadon ƙarin an ninka shi da kansa, sannan a sake ninkawa da ƙarin gudun. Ga misali. A ce a 4.3 GHz furosesarka tana shan bolt 1.20, kai kuma kana son 4.9 GHz, wanda zai iya neman bolt 1.35. Gudun ya ƙaru da kashi 14 cikin ɗari. Zafin kuwa ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin ɗari. Bidiyon da ke cin minti 60 zai koma kusan minti 53, in ma furosesar ce kaɗai ke riƙe aikin. Minti bakwai ke nan, ba minti talatin ba.

Wannan zafin kuma dole ya samu inda zai je, kuma ba shi da wurin zuwa sai iskar shagonka. Fankar kwamfuta ba randa ba ce. Randa tana sanyaya ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi saboda gumin da take yi yana bushewa, amma ƙarfen da ke kan furosesa ba ya gumi, iyakarsa ya kwashi zafi ya miƙa wa iskar da ke kewaye da shi. In iskar ta zo da zafinta, da shi za a fara ƙirga. Mutanen da kake gani a YouTube galibi a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 suke gwajinsu. Kai kuwa ka san Sakkwato a watan Afrilu, waje yakan haura digiri 40, shago mai rufin kwano da rana tsaka ba ya nisa da haka. Wanda ɗakinsa ke digiri 22 ya ga furosesarsa a 80, kai da kayan nan iri ɗaya a ɗaki mai digiri 38 za ka gan ta a wajen 96. Iyakar da Intel ta sa wa taka kuwa 100 ce. Ba su yi ƙarya ba, kawai ba a ɗakinka suka yi gwajin ba.

Shin za ta ƙone? Da wuya ka ga hayaƙi. Furosesar zamani tana da ma'aunin zafi a cikinta, in ta kai iyaka sai ta rage gudu da kanta, in abin ya ci tura ta kashe kwamfutar. Wannan ma kansa hasara ce: ka saita 4.9, zafi ya tilasta mata komawa ƙasa da inda take a da, ka ƙare da ƙarin shan wuta da ƙarancin gudu. Amma ɓarnar da na fi jiye maka ita ce wadda ba a gani. Boltej mai yawa haɗe da zafi yana cin hanyoyin wutar da ke cikin furosesa a hankali, wata da watanni, har ta kai gudun da take yi lafiya a da ya gagare ta. Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2024 Intel da kanta ta amince cewa wasu furosesoshinta na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda boltej da ya wuce kima, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta kuma ƙara musu garanti na shekara biyu. Waɗannan ma ba wanda ya taɓa musu saiti. Wanda ya ɗaga da hannunsa kuwa, garantin kamfani ba ya ɗaukar ɓarnar, balle kai da ka saya ta hannu.

Saboda haka aikin farko ba a BIOS yake ba. Ihun fankar nan da ka ambata shi ya fi damuna. Sauke manhajar auna zafi ta HWiNFO, ka bar ta a buɗe, ka fitar da bidiyo kamar yadda ka saba, da misalin ƙarfe biyu na rana, ba da asuba ba. Dubi zafi mafi girma da ƙwayoyin suka kai. In ka ga 85 ko sama ba tare da ka taɓa komai ba, ka manta da maganar ƙarin gudu tukuna.

Zare wuta, buɗe murfin gefe, ka haska fitila a kan ƙarfen da ke saman furosesa. Kwamfutar da ta sha hunturu ko ɗaya a Arewa, za ka tarar ƙura ta dunƙule ta toshe tsakanin haƙarƙarin ƙarfen, a bayan fanka ta yi kauri har sai ka sa yatsa ka ɓamɓaro ta. Fankar tana juyawa, amma iska ba ta ratsawa. Busa ta da bulowa a waje, ka danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Sannan ka cire ƙarfen ka dubi man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa, wanda masu gyara ke kira fes. A tsohuwar kwamfuta yakan bushe ya tsattsage, ka taɓa shi ya zube gari. Goge shi tas da sifirit mai tsabta da ƙyalle mara gashi, ka ɗiga sabo a tsakiya gwargwadon ƙwayar wake, ka mayar da ƙarfen ka ɗaure kusurwa da kusurwar da ke fuskantarta don ya zauna daidai. Wannan ɗan aikin kaɗai yakan sauke zafi sosai.

Ka kuma lura da irin ƙarfen da aka sa maka. Ita 9600K Intel ba ta haɗa ta da fanka a kwali, domin an ɗauka mai sayenta zai nemi babba. An ƙiyasta zafinta a wat 95. Masu harhaɗawa kuwa sau da yawa sukan ɗora mata 'yar ƙaramar fankar Intel mai zagaye, wadda aka yi don furosesa mai wat 65. In ita ce a kanta, ka gano dalilin ihun. Nemi irin dogon nan mai tsaye, mai bututun jan ƙarfe huɗu ko shida da fanka mai faɗin milimita 120. Za a ce maka ka sayi mai ruwa. Mai kyau daga cikinsu yana aiki, amma ka sani ruwan ɗan aike ne kawai, yana ɗaukar zafi ya kai wa lagireto, shi kuma iskar ɗakin nan dai ce za ta sanyaya shi. Yana da famfo da ke iya mutuwa ba sallama, kuma ni ba zan ba ka shawarar sayen na hannu ba. Ka tabbata akwai fanka a gaba mai shigo da iska da wata a baya mai fitarwa, ka ɗauke kwamfutar daga ƙasa inda ƙura ta fi yawa, kada kuma ka cusa ta cikin akwatin tebur ko ka manna bayanta da bango. In ka ga ana maganar ɓalle murfin ƙarfen furosesa don a canza man ciki, wannan na zubin da suka gabata ne, irin 3770K da 7700K. Taka da dalma aka like ta, bar ta yadda take.

In bayan wannan zafinka ya sauko wajen 70 a cikin aiki, to kana da sarari. Shiga BIOS, yawanci da maɓallin Delete lokacin da kwamfuta ke tashi. Nemi inda aka rubuta CPU Ratio, ka saita duka ƙwayoyin a 45. Kada ka bar boltej a Auto, domin bod da yawa sukan zuba wuta fiye da buƙata don su tabbata kwamfutar ta tashi. Sa shi da hannunka a wajen 1.25. Ajiye, shiga Windows, ka ɗora mata nauyi da Cinebench ko OCCT na rabin awa, idonka a kan zafi. In ta wuce lafiya, ƙara lambar da ɗaya ka sake. In ta daskare ko ta nuna shuɗin allo, ƙara boltej da 0.01 ko 0.02, ba fiye ba. Haka za ka yi ta yi. Ni inda zan ce ka tsaya shi ne bolt 1.35 ko digiri 85, duk wanda ya riga zuwa, kuma a yanayinka zafin ne zai riga. Kada ka kwafi lambobin wani. Furosesa biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, wata ta kai 5 GHz cikin sauƙi, wata ta ƙi wuce 4.7 ko me za ka yi mata. Rabo ne.

Akwai abu guda da ya shafi sana'arka musamman. Manhajojin fitar da bidiyo suna amfani da wasu umarni masu nauyi da ake kira AVX, waɗanda ke sa furosesa zafi fiye da wasan kwamfuta ko aikin ofis. Saitin da ya zauna daram wa mai wasa zai iya faɗuwa a hannunka. A BIOS akwai AVX Offset, wanda ke rage lambar ninki da ɗaya ko biyu duk lokacin da irin wannan aikin ya shigo, kuma kai kusan kullum a cikinsa kake. Gwajin ƙarshe dai shi ne aikinka: fitar da dogon bidiyo, ka zauna ka kalle shi. Rashin daidaito ba kullum yake zuwa da shuɗin allo ba, wani lokaci fayil ne zai lalace shiru, sai ranar da iyayen amarya suka zo karɓa a gane.

In ka yi saitin da kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, kada hankalinka ya tashi. Zare wuta, cire ɗan batirin nan mai faɗi da ke jikin bod, CR2032, ka jira 'yan mintoci ka mayar. BIOS zai koma yadda ya zo.

Kada mu manta da wuta. Furosesar da aka ɗaga tana jan wuta sosai, kuma 'yan sassan da ke kewaye da mazauninta, masu sauke bolt 12 zuwa ɗaya da ɗoriya, su ma suna zafi, suna son iska. In fawa-fak ɗinka, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, mara suna ne, mara nauyi a hannu, shi za ka fara canzawa, domin in ya mutu yakan tafi da bod. Da wutar NEPA mai hawa da sauka, da janaretan da ke tari, UPS ba ado ba ne a shagonka. Kada ka taɓa sabunta BIOS ba tare da shi ba.

Ka tambayi gaskiyar lamarin, ga nawa ganin. Ga mai yi don sha'awa, obakulokin abu ne mai daɗi, kuma yana koya wa mutum kwamfuta fiye da karatu da yawa. Akwai masu gasa a kansa, a ƙarshen 2022 sun haura 9 GHz da Core i9-13900K, amma da ruwan iskar hiliyom suka sanyaya ta, kuma na ɗan lokaci ne. Kai kuwa da wannan kwamfutar kake cin abinci, kuma minti bakwai a awa bai kai a sa jari a haɗari ba alhali akwai inda riba ta fi. Furosesarka tana da wani sashe na musamman don matse bidiyo, Quick Sync, wanda Premiere Pro da HandBrake ke iya amfani da shi. In kana da katin hoto na Nvidia shi ma yana da nasa, NVENC. Kunna ɗayansu a wajen fitar da bidiyo yakan rage lokaci fiye da duk abin da lambar ninki za ta ba ka, kuma furosesar ta huta. Duba RAM ɗinka, in sanda ɗaya ce ka ƙara ta biyu irinta don su yi aiki bibbiyu, ka kuma kunna XMP a BIOS in suna da shi. In har yanzu a kan tsohon hadis mai juyawa kake aiki, SSD zai canza maka rayuwar shagon. Akwai ma kishiyar abin da abokinka ya faɗa, wadda ta fi dacewa da ƙasarmu: ka bar gudun yadda yake, ka rage boltej kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Furosesa da yawa suna yin aikinsu da ƙasa da abin da bod ke ba su, sai zafi ya sauka, fanka ta yi shiru, batirin inbata ya ƙara daɗewa.

In duk ka yi waɗannan kuma har yanzu ranka na so, yawancin bod ɗin Z suna barin ka ajiye saiti fiye da ɗaya. Ajiye na lokacin sanyi, 4.7 ko 4.8 in ta karɓa, ka yi aiki da shi daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, kana busa ƙura akai-akai tunda lokacinta ne. Da bazara ta kawo kai ka koma na asali. Saitin da aka gwada a Janairu ba a gwada shi don Afrilu ba. In kuma bayan wasu watanni ka ga saitin da ke zaune lafiya ya fara faɗuwa, kada ka bi shi da ƙarin boltej. Duba ƙura da fes tukuna, in ba su ba ne ka rage lambar ninki da ɗaya.